Motar gudu a Tudun Wadan Zariya: abin da bidiyon sakan 15 ba ya nuna maka

Duk wanda ya taɓa tsayawa a bakin titi a Tudun Wada ranar Asabar da yamma, lokacin rakiyar amarya, ya san yadda abin yake. Kafin ka ga motar za ka ji ta. Ƙarar salansa ce ke fara isowa daga wajen Kongo ko Agoro, sai 'yan acaɓa su raɓe, masu Keke Napep su matsa gefe, yara su fito da gudu daga lunguna. Kafin ka ce kwabo wayoyi sun tashi sama. Wata baƙar BMW ko Marsandi ta wuce tana tartsatsi, wani sa'in direban ya murɗa sitiyari bayanta ya zame, taya ta yi hayaƙi, a yi sowa. Kafin sallar isha'i bidiyon ya shiga TikTok da sitatus ɗin WhatsApp, an ɗora masa kiɗa.

Bidiyon ba ya nuna ranar Litinin, lokacin da motar ke fake a gareji, bonet a buɗe, mai ita na tsaye yana ta kiran Panteka a Kaduna da Ƙofar Ruwa a Kano yana cigiyar famfon ruwa. Ba ya nuna kuɗin tayoyin da suka ƙone a cikin sakan 15 ɗin nan. Da yawa daga cikin masu karanta wannan shafi suna da hoton irin waɗannan motoci a fuskar wayarsu, wasu ma sun fara tara kuɗi. To ga sauran labarin.

Son abin hawa mai gudu ba baƙo ba ne a Zazzau. Ƙasar dawaki ce, ƙasar hawan sallah da kilisa da sukuwa, kuma har yau ana buga folo a Zariya. Masu doki sun daɗe da sanin cewa sayen doki shi ne ɓangare mai sauƙi, harawa da dusa da gero da mai kula da barga su ne aikin. Ta fuskar mota ma akwai tarihi a kusa da mu: a 1975 kamfanin Peugeot ya fara haɗa motoci a Kaduna, kuma a wannan shekarar ce Pijo 504 ta lashe tseren Safari na Kenya, ɗaya daga cikin tsere mafi wahala a duniya, a hannun Ove Andersson. A 1978 wata 504 mai injin V6 ta sake lashewa. Iyayenmu da ke yabon 504 ba da ka suke magana ba. Bambancin shi ne, 504 bakanike zai gyara ta da sifana da kunne. Motocin da matasa ke so yau kwamfutoci ne masu tayoyi.

Wace ce motar gudu a nan?

Ka manta da Ferrari da Lamborghini. A titunan Zariya da Kaduna da Kano, abin da mai sha'awa ke iya kaiwa gare shi 'yar Beljiyam ce, wato wadda aka yi amfani da ita a waje, mafi yawa daga Amurka duk da sunan. Akwai BMW E46 da aka daina ƙerawa a 2006, da ƙanwarta E90. A cikin E90, 328i na da ƙarfin doki 230, ita kuwa 335i mai tarbo biyu tana da 300. Akwai Marsandi W204, wato C300 da C350, sai kuma C63 AMG mai injin V8 lita 6.2 da ƙarfin doki 451, wadda ko a Kano ba kullum ake ganin ta gaske ba (yawancin masu tambarin AMG a but C300 ne da aka manna wa haruffa). Sai Lexus IS 250 mai doki 204 da IS 350 mai 306.

Abin da ya haɗa su shi ne, in ban da samfurin da ke ja da ƙafa huɗu, da tayoyin baya suke turawa. Shi ya sa bayansu ke iya zamewa idan aka taka totur. Camry da Accord masu V6 suna da gudu sosai a miƙaƙƙiyar hanya, amma da tayoyin gaba suke ja, don haka duk juyin da ka ga an yi da su birkin hannu ne aka finciko, kuma giyabos da ƙafafun motar ne ke biyan bashin.

Lissafi ya sauya tun 29 ga Mayu 2023, ranar da aka sanar da cire tallafin mai. Litar da ba ta kai naira 200 ba ta haura 500 cikin kwanaki, kuma a ƙarshen 2024 ta wuce 1,000 a gidajen mai da yawa. Dala ma ta tashi daga wajen naira 460 a farashin gwamnati zuwa sama da 1,500 a 2024, kuma kowane kayan gyara na waɗannan motoci da dala ake shigo da shi. A gwajin hukumomin Amurka C63 na cin kusan lita ɗaya a kilomita 5 a cikin gari. Tankinta lita 66 ne. Idan lita ta kai naira 1,000, cika shi 66,000 ke nan, kuma hakan da tuƙin hankali aka auna, ba irin na ranar Asabar ba.

Wayarka ta fara ganin motar kafin kai

Kuskuren farko ana yin sa ne a wurin dila, inda fenti ke ƙyalli kuma kujeru ke ƙamshi. Kowace mota na da lambar shasi mai haruffa da lambobi 17, ana ganin ta a ƙasan gilashin gaba ta ɓangaren direba da kuma jikin ƙofa. Ka ɗauke ta a hoto, ka rubuta ta a Google kamar yadda take. Motoci da yawa da ke shigowa Najeriya daga gwanjon Copart ko IAAI suka fito, inda kamfanonin inshora ke sayar da waɗanda suka yi hatsari ko ambaliya ta cinye, kuma sau da yawa hotunan ranar gwanjon na nan a intanet. Za ka iya ganin motar da ke gabanka tana sheƙi, a wayarka kuma ga ta gabanta a ragargaje, jakunkunan iska sun fashe. Rahoton Carfax, wanda ake biya, yana nuna malejin da aka rubuta a shekarun baya, sai ka gane ko an mayar da shi baya.

Motar da ta yi hatsari ba lalle ta zama abin gudu ba idan an faɗa maka gaskiya kuma farashin ya nuna hakan. Wadda ta sha ruwa ita ce ba na ba kowa shawarar saye, domin tsatsa na cin wayoyinta a hankali, yau gilashi ya ƙi sauka, gobe giya ta ƙi shiga. Sai maganar jakar iska: ana rufe gurbinta da sabon murfi babu komai a ciki, a kashe fitilar gargaɗin. A motar da za ta yi gudun 200 wannan ba ƙaramin abu ba ne. Haka kuma da yawa daga cikin E46 da E90 da W204 da Lexus IS na waɗancan shekaru suna cikin motocin da aka yi wa kiranye saboda jakar iska ta kamfanin Takata, wadda zafi da laima ke lalata sinadarinta har ta fashe da ɓaraguzan ƙarfe. Shafin hukumar NHTSA ta Amurka na ba da damar duba lambar shasi kyauta don ganin ko an canza ta. Takardun kwastan ma ka tabbatar na gaske ne, musamman tun da aka hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa daga Janairun 2017.

Na'ura ta biyu ita ce na fi son kowane mai sha'awar mota ya mallaka tun kafin ya mallaki motar. Tun 1996 dokar Amurka ta wajabta wa duk motar da za a sayar a can ta zo da wata kafa mai ramuka 16 a ƙarƙashin sitiyari, ana kiran ta OBD2. Akwai 'yar na'ura kamar akwatin ashana, ELM327, da ake sokawa a wurin, ta haɗu da waya ta Bluetooth. Sai ka sauke manhaja irin su Torque a Android ko Car Scanner da ke aiki a Android da iPhone. Masu iPhone su lura wajen saye, tsohon samfurin Bluetooth ba ya haɗuwa da wayarsu, sai mai Wi-Fi ko mai Bluetooth LE. Na jabu sun cika kasuwa, wasu na aiki wasu na yankewa, kuma kada ka bar ta a soke idan motar za ta kwana biyu a fake, tana shan batir.

Da ita ƙwaƙwalwar motar za ta gaya maka abin da dila ba zai faɗa ba. P0300 na nufin injin na tsallake wuta a silinda fiye da ɗaya, wanda kan zama fulogi ko kwil. P0171 na nufin iska ta yi wa mai yawa. P0420 kuwa na nufin matatar hayaƙin da ke cikin salansa, wadda makanikai ke kira indomi, ta mutu ko an fafe ta. Ana fafe ta ne saboda tana ɗauke da ƙarafa masu tsada irin su filatinam da faladiyam, kuma akwai masu saye.

Ga dabarar da ta fi duka amfani. Mai sayarwa zai iya goge lambobin matsala minti biyar kafin ka iso, fitilar inji ta mutu. Amma duk lokacin da aka goge, gwaje-gwajen da ƙwaƙwalwar ke yi wa kanta su ma suna komawa sifiri, kuma sai an yi tafiya mai ɗan nisa suke kammala. A manhajar akwai shafin da ke nuna su. Idan ka ga yawancinsu ba su kammala ba a motar da aka ce kullum ana hawa, ko dai an cire batir kwanan nan ko an yi shara kafin zuwanka, kuma kana da hujjar tambaya. Sannan idan ka murɗa makulli kafin ka tayar da inji, dole fitilar inji da ta jakar iska su kama na ɗan lokaci. Wadda ba ta kama ba, an cire ƙwanta ko an liƙe ta.

Man da ke tankinka

A murfin tankin yawancin waɗannan motoci za ka ga an rubuta lamba 91. Man Najeriya ma ana cewa wajen 90 zuwa 91 yake, sai mutum ya ɗauka an dace. Ba a dace ba. Ma'aunin ingancin mai na Amurka daban yake da wanda muke amfani da shi a nan da Turai. Abin da Amurka ke kira 91 ya yi daidai da kusan 95 a namu, namu 91 kuwa shi ne 87 ɗinsu, mafi araha a gidan mansu. Wannan lamba tana auna juriyar mai ne ga matsi kafin ya kama wuta da kansa. A injin da ke matse mai da ƙarfi, ko mai tarbo, man da bai kai ba yana fashewa kafin lokaci, sai ka ji wani ƙas-ƙas kamar ana kaɗa tsakuwa a gwangwani idan ka taka totur a kan hawa.

Motocin zamani na da sensa da ke jin wannan ƙara, sai ƙwaƙwalwa ta jinkirta tartsatsin fulogi don kare injin. Motar za ta yi tafiya, amma dawakin da aka rubuta a takarda ba duka ne ke fitowa ba. Ƙara da cewa Zariya na sama da mita 600 daga teku, kuma a watan Afrilu zafi na kusantar digiri 40, iska ta yi sirara. Injin da ba shi da tarbo yana rasa wani kaso na ƙarfinsa a haka. Duk wanda ke cika baki da doki 300 a Tudun Wada, a zahiri wasu daga cikinsu suna barga.

Wannan shi ya sa nake jan kunne a kan tiyunin. Masu 335i sun san manhajar MHD, wadda da waya da kebul za ka sauya lissafin ƙwaƙwalwar injin ka ƙara matsin tarbo. Abin na aiki, amma kowane tsari da ke ciki an rubuta shi ne don wani mataki na mai, kuma idan ka ɗora wanda aka yi don man da ba mu da shi, kana cin gefen da injiniyoyi suka bari don kariya. Dama injin N54 na 335i ya yi suna wajen mutuwar famfon mai, har BMW ya yi kiranye a Amurka a 2010. A injin da ba shi da tarbo kuwa, tiyunin ba ya ƙara abin a zo a gani. Shi kuma tsarin da ke sa salansa ta riƙa harbi kamar bindiga, ɗanyen mai yake turawa ya ƙone a cikin bututu. Ba ya ƙara gudu ko kaɗan, yana dai ƙona indomi da hana maƙwabta barci.

Man bumburutu na gefen titi kuma ka yi nesa da shi. Waɗanda suka tuna Fabrairun 2022, lokacin da aka shigo da mai mai yawan sinadarin metanol daga Beljiyam ya lalata motoci a Legas da Abuja, sun san ko na gidan mai ba kullum ake shaidarsa ba. Ka zaɓi gida ɗaya ko biyu da ka yarda da su ka tsaya a kansu. Masu IS 250 su kuma su san cewa injinsu na fesa mai kai tsaye cikin silinda, don haka gawayi na taruwa a bakin bawul. IS 350 na da nozul iri biyu, ɗaya na wanke bawul ɗin, shi ya sa ba ta cika wannan ciwo ba.

Zafi, da darasin da na biya kuɗinsa

Na taɓa riƙe 328i. Wata rana ina hanyar Kaduna, na wuce Jaji kaɗan, sai fanka ta fara ƙara kamar jirgi zai tashi, fitilar zafi ta fito ruwan ɗorawa, kafin in sami wurin tsayawa ta koma ja, motar ta rage ƙarfi da kanta. Sai da aka janyo ta zuwa Zariya. Famfon ruwan E90 na lantarki ne, ba bel ke juya shi ba, kuma idan zai mutu ba ya sallama. Abin da ya fi ba ni haushi shi ne abin da aka gani da aka kwance: tsatsa ja wur a cikin lagireto, domin wani bakanike da na ba sabis watanni kafin nan ya zubar da ruwan sanyaya inji ya cika da na rijiya, bai gaya mini ba. Ita kuma wannan mota ba ta da allurar zafin ruwa a dashbod. Da ina da 'yar na'urar nan a soke, wayata na nuna mini digiri, da na ga lambar na hawa tun kafin fitila ta kama.

Akwai al'adu uku a garejinmu da ke kashe irin waɗannan motoci, kuma duk da kyakkyawar niyya ake yin su. Na farko cire tamostat, wai an yi shi ne don ƙasashen sanyi. Injin BMW na wannan zamani an tsara shi ya yi aiki tsakanin digiri 90 zuwa 110, kuma idan bai kai ba ƙwaƙwalwa na ɗauka har yanzu safiya ce, ta ci gaba da zuba mai da yawa, man ya wanke jikin silinda ya gangara cikin baƙin mai. Na biyu haɗa fanka kai tsaye ta riƙa juyawa tun daga tayarwa. Na uku zuba ruwan famfo ko na leda. Ruwan sanyaya inji na gaske yana ɗaga matakin tafasa kuma yana hana tsatsa, ruwan rijiya kuwa yana barin gishiri a cikin ƙananan hanyoyin lagireto.

Baƙin mai ma haka. Mai kauri 20W-50 da ya yi wa 504 da Golf 3 hidima bai dace da injin da ke amfani da matsin mai wajen juya kamshaf ba. Littafin motar zai ce 5W-30 ko 0W-40 mai lambar amincewar kamfanin, kuma 328i kaɗai na shan lita 6.5. Jabun mai a cikin jarka mai kyau ya yi yawa, don haka ka saya da kanka a wurin da aka sani, ka tsaya a yi juye a gabanka. Tazarar juye mai tsawo da littafin ya ba da ta titunan Turai ce. A nan, da ƙurar hunturu da cunkoson Ƙofar Doka zuwa PZ, ni nakan rage ta kusan rabi, matatar iska kuma ina duba ta duk wata daga Nuwamba zuwa Fabrairu.

Ba cewa nake babu ƙwararru a Zariya ba. Akwai matasan makanikai da masu wayarin da ke aiki da kwamfuta, wasu sun koyo a Kaduna ko Kano, wasu a YouTube, ga kuma cibiyar NITT a hanyar Basawa da ke horar da mutane a fasahar sufuri tun 1986. Alamar na kirki ita ce zai soka na'ura kafin ya ɗauki sifana, kuma zai nuna maka tsohon kayan da ya cire.

Taya kuwa ita ce inda matasa suka fi yin rowa, bayan sun kashe kuɗi a fitilu da rim. A jikin kowace taya akwai lambobi huɗu a ƙarshen layin da ya fara da DOT: biyun farko mako, biyun ƙarshe shekara, wato 2319 na nufin mako na 23 a 2019. Akwai kuma harafin iyakar gudu: H kilomita 210 a awa, V 240, W 270, Y 300. Tayar Beljiyam mai shekara takwas, ko da zanenta na nan, robarta ta bushe, kuma kwaltar Afrilu ba ta yafiya. Siraran tayoyi a kan babban rim suna da kyau a hoto, rami ɗaya a cikin unguwa ya isa ya kumbura gefensu ko ya lanƙwasa rim ɗin, ga ƙasan motar da ke gogar kowane tudun rage gudu. Man birki shi ma yana shan laima, a canza shi duk shekara biyu, in ba haka ba ranar da birki ya yi zafi feda za ta nutse ƙasa babu komai.

Titin ba na kowa shi kaɗai ba ne

Tun da aka buɗe sabon titin Kaduna zuwa Zariya zuwa Kano a Mayun 2023, bidiyon allurar maleji a kan 200 ya yawaita, hannu ɗaya a sitiyari ɗaya riƙe da waya. Iyakar da hukumar FRSC ta sa wa ƙananan motoci ita ce 100 a babban titi mai hannu biyu, 50 a cikin gari. Titin ya yi santsi, amma bai daina ratsa garuruwa da kasuwanni ba, shanu na tsallakawa, tirela na fake ba fitila, mai babur na tahowa ta hannun da ba nasa ba.

Bari mu yi lissafin cikin gari, tunda nan ne yara suke. A ce direba na buƙatar sakan ɗaya kafin ƙafarsa ta kai birki, kuma tayoyinsa da birkinsa lafiya lau. A gudun 50 zai yi mita 14 kafin ya taka, ya ƙara wajen 12 kafin ya tsaya, jimilla mita 26. A gudun 80 zai cinye mita 22 kafin ma ya taɓa birki. A daidai wurin da mai 50 ya tsaya cak, mai 80 na kan gudun da ya haura 70. Idan almajiri ne ko 'yar talla a wurin, bambancin ke nan. Titunan Tudun Wada ga kwata a gefe, ga masu shago sun fito da kaya, ga 'yan kallo sun yi zobe babu shinge. Direban da ya kashe na'urar hana zamewa don ya burge, tazarar da ke tsakaninsa da gidan yari da zaman diyya taku biyu ce. Inshorar naira 15,000 da ke aljihun motar, wadda aka ƙara wa kuɗi daga 5,000 a Janairun 2023, ba a yi ta don wasan ganganci ba.

Wasu ƙasashe sun sha fama da wannan. A Saudiyya, inda matasa ke kiran abin tafhid, a 2016 an ɗaga tarar kamun farko zuwa riyal 20,000 tare da tsare motar. Afirka ta Kudu ta bi wata hanya: juyin da aka fara a unguwanni irin su Soweto da tsohuwar BMW 325i, wadda suke kira gusheshe, yanzu wasa ne da ake yi a fili mai shinge, har Red Bull na shirya gasarsa. A ganina tamu matsalar ta fi kama da ta biyun, domin ƙwarewar na nan, wurin nuna ta ne babu. Najeriya na da ƙungiyar ATCN da ke cikin hukumar tseren motoci ta duniya FIA, kuma ana shirya tarukan motoci a kudu da Abuja. Garin da ke da jami'ar da ɗalibanta suka ƙera mota suka kai gasar Shell Eco-marathon, ga NITT, ga filaye a bayan gari, bai kamata ya rasa fili ɗaya mai shingen tayoyi da motar asibiti a gefe ba, inda za a biya kuɗin shiga a sa hular kwano. Masu motocin ne ya kamata su haɗa kai su nema, su je wa KASTLEA da FRSC da takarda a hannu, tun kafin wani mummunan bidiyo ya sa a rufe ƙofar gaba ɗaya.

Kafin nan, wanda hannunsa ke ƙaiƙayi yana da mafita a ɗakinsa. A waya akwai CarX Drift Racing. A kwamfuta ko PlayStation akwai Assetto Corsa, wanda idan ka haɗa shi da sitiyari da feda irin Logitech G29 za ka ji yadda bayan mota ke fara zamewa a tafin hannunka, ka koyi mayar da sitiyari da sassauta totur. Ba wasan yara ba ne kawai: Jann Mardenborough ɗan Birtaniya ya ci gasar GT Academy a 2011 daga wasan Gran Turismo, ya zama direban tsere na gaske har ya yi Le Mans. A can za ka iya daki bango sau ɗari a dare ɗaya, ka danna maɓalli motar ta dawo sabuwa, abin da kawai zai tsayar da kai shi ne a ɗauke wuta.